Yadda ake duba ayyukan da ke gudana a kwamfuta ta layin umarni, da abin da ya kamata a sani kafin a kashe ɗaya

Tambayar ta zo ne daga wani matashi da ke kula da kwamfutocin wani shagon sarin atamfa da shadda a Kantin Kwari. Ya ce suna da tsohuwar kwamfutar tebur da suka mayar uwar garke, an ɗora mata Ubuntu, wani nau'in babbar manhajar Linux, marar tagogi da linzami, sai baƙin allo da ake rubuta umarni a kai, kuma a cikinta manhajar lissafin kaya da fitar da rasit take. Kusan kullum bayan azahar sai ta yi nauyi, har yaran shago su tsaya jiran rasit alhali mai saye yana tsaye. Wani abokinsa ya ba shi shawarar ya buɗe top, ya dubi abin da ke saman jerin, ya kashe shi da kill -9. Yana son sanin yadda ake ganin abin da ke gudana, da ko shawarar ta yi daidai, da kuma yadda ake yin haka a kwamfutocin Windows da ke kan kantar shagon.

Malam, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Ganin jerin ayyukan da ke gudana abu ne na umarni ɗaya, kuma za ka iya shi yau ɗin nan. Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne karanta jerin, domin yawancin lambobin da ke cikinsa ba abin da mutum ya fara zato suke nufi ba. Abokinka ya yi gaskiya da ya ce ka buɗe top, amma ragowar shawararsa tana da haɗari a irin kwamfutarka, saboda abin da zai fi yawan zama a saman jerin shi ne rumbun bayanan da ke riƙe da lissafin shagon baki ɗaya, kuma sau da yawa wanda ya hau sama ba shi ne mai laifi ba, shi ma wani abu yake jira.

Manhajar da ke ajiye a faifai fayil ce kawai, ba ta cin komai sai wurin zama. Sai an tashe ta ne kanel, wato zuciyar babbar manhaja, yake buɗe mata aiki: ya yanka mata gurbi a RAM, ya rubuta asusun da ya tashe ta, ya ba ta lamba ta musamman da ake rubutawa PID, sannan ya riƙa ba ta rabonta na lokacin furosesa. Manhaja ɗaya tana iya zama ayyuka da yawa a lokaci guda. Idan manhajar lissafinku a kan Apache take, wato manhajar da ke miƙa shafukan yanar gizo, za ka ga apache2 ya bayyana sau shida ko goma, kuma wannan ba ɓaraka ba ce, haka tsarinsa yake. Abu na biyu da za ka riƙe shi ne cewa kowane aiki wani aikin ne ya haife shi, saboda haka yana da uwa, lambar uwar kuma ita ce PPID. Idan ka bi salsalar zuwa sama za ka tsaya a lamba 1, wadda systemd, mai tayar da sauran ayyuka da kula da su, ke riƙe da ita a Ubuntu tun fitowar 15.04 ta shekarar 2015. Lamba 2 kuma ta kthreadd ce, uwar ƙananan ayyukan kanel da kansa, waɗanda ake gane su da ganin sunayensu a cikin baka mai kusurwa, kamar [kworker/0:1] ko [kswapd0]. Waɗannan ba a taɓa su.

Umarnin da ya fi daɗewa a wannan fage shi ne ps. Idan ka rubuta shi shi kaɗai layi biyu zai ba ka, bash mai karɓar umarninka da ps ɗin kansa, domin abin da ke tafiya a zamanka na yanzu kawai yake nunawa, kuma a nan ne masu koyo da yawa suke zaton kwamfutar a zaune take ba ta yin komai. Don ganin kowa da kowa ana rubuta ps aux ko ps -ef. Samun salo biyu ɗin gadon tarihi ne: Unix, wadda aka fara a ɗakunan binciken Bell da ke Amurka a 1969, ta rabu gida biyu, gidan BSD na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley da gidan System V na kamfanin AT&T, kowanne da yadda yake rubuta zaɓinsa, shi kuwa ps na Linux ya karɓi duka biyun. Bambancin da ya shafe ka shi ne aux yana nuna kason furosesa da na RAM, -ef kuma yana nuna lambar uwa. Tunda jerin yakan wuce layi ɗari, gara ka sa a tsara maka shi daga mafi cin RAM zuwa ƙasa, a yanko maka na sama kawai:

ps aux --sort=-%mem | head -n 15

A ce a cikin abin da ya fito ka ga wannan layi na mysqld, aikin rumbun bayanai na MySQL:

mysql 1042 3.1 38.4 2412880 1510220 ? Ssl Mar02 912:44 /usr/sbin/mysqld

Daga hagu, mysql shi ne asusun da aikin ke tafiya da sunansa, 1042 lambarsa ce, 3.1 kason furosesa ne, 38.4 kuma kason RAM. Manyan lambobi biyu da ke biye, VSZ da RSS, da kilobait ake auna su. Ta farko ba abin damuwa ba ce, domin faɗin gurbin da aikin ya nema ne, ko ya zauna a cikinsa ko bai zauna ba; ta biyu ce take nuna abin da yake riƙe da shi a RAM da gaske, a nan kusan gigabait ɗaya da rabi. Ko ita ɗin ma ba a tara ta a kan ta sauran ayyuka a ce ga jimla, saboda akwai sassan da ayyuka da yawa suke tarayya a kansu, ana kuma ƙirga wa kowanne. Alamar tambaya tana nufin aikin ba ya ɗaure da allon kowa, a bayan fage yake tafiya. Mar02 ranar da ya tashi ce, 912:44 kuma jimlar lokacin furosesa da ya ci tun daga ranar, minti 912 da daƙiƙa 44.

Ka tsaya a kan 3.1 ɗin nan, domin ita ce ta fi yaudarar mutane. Hanyar da ps yake samo ta ita ce ya raba jimlar lokacin furosesa da tsawon rayuwar aikin. Idan aikin ya yi kimanin kwana 20 yana tafiya, wato minti 28,800 ko ɗan fiye, ka raba 912 da wannan za ka samu kusan kashi uku cikin ɗari. Matsakaicin kwana ashirin ke nan, har da dare da ranakun da kasuwa take rufe, saboda haka mysqld yana iya cinye furosesa gaba ɗaya a wannan minti amma ps ya ci gaba da nuna maka 3.1. Haka nan ƙaramin umarni da aka tashe shi daƙiƙa ɗaya da ta wuce yana iya nuna 90 alhali bai tsare wa kowa komai ba. Wanda yake son sanin abin da ke faruwa yanzu-yanzu, top zai buɗe.

Shi top, wanda William LeFebvre ya rubuta na asalinsa a 1984, yana sabunta allonsa duk bayan daƙiƙa uku, kuma kasonsa na abin da aka ci ne a tsakanin sabuntawa biyu. Babban harafin P yana tsara jerin bisa furosesa, M bisa RAM, c yana nuna cikakken umarnin da ya tashi aikin, 1 yana raba maka kawunan furosesa ɗaya bayan ɗaya, q kuma yana fitar da kai. Kada ka firgita idan ka ga aiki ɗaya da kashi 250, domin kowane kai na furosesa ɗari ake ƙirga masa, mai kai huɗu yana da 400 ke nan. Umarnin nproc zai faɗa maka kawuna nawa kake da su. Akwai kuma htop, wanda Hisham Muhammad ya fara a 2004, mai launi da sauƙin zagayawa da maɓallan kibiya; yana da daɗin aiki, sai dai ina ba ka shawarar ka fara sabawa da top, saboda shi ne za ka tarar a kowace kwamfutar Linux da aka kira ka gyara.

A ganina layuka biyar na saman top sun fi jerin da ke ƙasa muhimmanci, su ne kuma mutane suke tsallakewa. A ƙarshen layin farko akwai lambobi uku na nauyin aiki, matsakaicin minti 1 da minti 5 da minti 15. Ka ɗauke su kamar wurin markaɗe: ana ƙirga wadda ake yi wa niƙa a yanzu haɗe da masu jira a layi, kuma ko layin ya yi tsawo ko bai yi ba ya danganta ga yawan injinan da ke wurin. Nauyin 4 a furosesa mai kai huɗu yana nufin kowane inji da mai shi, babu mai jira. Nauyin 4 a mai kai biyu kuwa yana nufin rabin mutane a tsaye suke. Idan lambar minti 1 ta fi ta minti 15 girma, cunkoson yanzu yake taruwa, idan kuma ta fi ta ƙanƙanta, ya fara watsewa. Sai dai Linux tana da wata ɗabi'a tata tun 1993: tana sa ayyukan da suka maƙale suna jiran faifai a cikin wannan ƙirga. Shi ya sa za ka iya ganin nauyin 6 ko 8 alhali babu wani aiki a jerin da ya ci ko kashi goma na furosesa.

Layi na uku ne yake warware wannan. A cikinsa us shi ne lokacin da manhajoji suka ci, sy na kanel, id lokacin da furosesa ya zauna babu aiki, wa kuma lokacin da ya zauna alhali akwai masu jiran faifai ya amsa. Idan ka buɗe top da ƙarfe uku na rana ka ga us bai wuce 7 ba amma wa ya kai 60 ko 70, to matsalarka ba ta furosesa ba ce sam, kuma babu aikin da za ka kashe ka samu sauƙi mai ɗorewa. A tsofaffin kwamfutocin tebur da ake mayarwa uwar garke a shaguna da makarantu, wannan shi ne abin da na fi yawan tararwa, musamman masu faifai mai juyawa da suka sha ɗauke wuta ba tare da inbata ba. A irin wannan hali sai ka dubi gurbin yanayin aiki, wanda ps yake kira STAT, top kuma S. Harafin R yana nufin aikin yana kan furosesa ko yana layinsa. S barci ne na al'ada, aikin yana jiran a neme shi, kuma yawancin ayyuka a haka suke wuni. T an dakatar da shi. D kuwa barci ne da ba a tayar da mai shi, galibi saboda yana jiran faifai, kuma aikin da ke cikin D ko kill -9 ba ya taɓa shi sai abin da yake jira ya iso. Idan ka ga D ya ɗan bayyana ya ɓace ba komai, amma idan mysqld ko apache2 suna daɗewa a cikinsa, sai ka rubuta sudo dmesg (sudo yana ba umarni ikon shugaba) ka nemi saƙonnin kuskuren faifai, ka kuma ɗora smartmontools ka duba lafiyarsa da sudo smartctl -a /dev/sda. Idan ya nuna sassan da suka lalace suna ƙaruwa, kwafe bayanan shagon ne aikin farko kafin komai.

Jiran faifai yana kuma iya zama sakamakon ƙarancin RAM, kuma a nan ma akwai lambar da take ruɗa mutane. Idan ka rubuta free -h za ka ga gurbin free ƙarami ne ƙwarai, har ka ce RAM ta ƙare. Ba ta ƙare ba: Linux ba ta barin RAM a banza, tana ajiye kwafin abin da aka karanta daga faifai a cikinta, ta saki da zarar wani ya buƙata. Gurbin available ne yake faɗin gaskiya. Idan shi ne ya yi ƙasa sosai, to kanel zai fara kwashe sassan ayyuka daga RAM yana zubawa a faifai, a wurin da layin Swap yake nunawa, yana dawo da su idan an neme su, kuma faifai mai juyawa ya fi RAM jinkiri nesa ba kusa ba. Umarnin vmstat 5 yana ba ka layi ɗaya duk daƙiƙa biyar. Ka yi watsi da layin farko domin matsakaici ne tun tashin kwamfutar, ka sa ido a kan si da so a sauran. Idan suna ta motsi ba tsayawa, ga kuma kswapd0 ya hau saman top, to ka gano ciwon, maganinsa kuma ƙarin RAM ne ko rage abin da aka ware wa rumbun bayanai da yawan 'ya'yan da Apache yake haifa. Idan abin ya yi tsanani kanel da kansa yakan zaɓi wani babban aiki ya kashe, kuma za ka ga shaidar haka a journalctl -k. Wannan ne sirrin rumbun bayanan da yake mutuwa da kansa ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Harafin Z ba ya buƙatar dogon bayani. Aiki ne da ya riga ya ƙare amma uwarsa ba ta karɓi rahoton ƙarewarsa ba, sai sunansa ya rage a rajista. Ba ya cin furosesa, ba ya riƙe RAM, ba kuma a kashe shi tunda ya riga ya mutu. Ɗaya ko biyu ba abin kulawa ba ne. Idan suna taruwa da yawa, uwar ce take da matsala, ita za a sake tayarwa.

To, a ce ka duba ka ga wa ƙarami ne, RAM tana da sarari, amma ga wani aiki ya daɗe yana cin kashi 100 ko 300. Kafin ka kai hannu gare shi, sai ka san na wane ne, wa ya haife shi, kuma daga wane fayil ya tashi. Suna kaɗai ba hujja ba ne, domin kowace manhaja tana iya sa wa kanta sunan da ta ga dama. A ce lambarsa 2817. Umarnin systemctl status 2817 zai faɗa maka sabis ɗin da yake ƙarƙashinsa, wato manhajar bayan fage da systemd ke kula da ita, pstree -p ko ps -ef --forest zai zana maka salsalarsa, wannan kuma zai nuna maka ainihin fayil ɗin:

sudo ls -l /proc/2817/exe

Folda ta /proc ba a faifai take ba, kanel ne yake shirya ta nan take, kowane aiki da foldarsa mai lambarsa, kuma daga nan ps da top da htop duk suke ɗebo abin da suke nuna maka. Manhajar kirki za ta nuna maka wuri kamar /usr/bin ko /usr/sbin. Idan kuwa ta nuna /tmp ko /var/tmp ko /dev/shm, ko aka rubuta a gaba cewa an goge fayil ɗin alhali ba a yi wani sabunta manhajoji ba, to ka yi zargin an shigo maka. Akwai ɓarayin da suke bin intanet suna neman uwar garke mai raunin kalmar sirri, su ɗora mata manhajar haƙar kuɗin kirifto irin su Monero, da wutarka da furosesarka. Wata sananniya a cikinsu tana kiran kanta kdevtmpfsi, don ta yi kama da kdevtmpfs na kanel, bambancin harafi ɗaya ne. Gane su ba wuya: aikin kanel na gaskiya uwarsa lamba 2 ce, RSS ɗinsa sifili ne, kuma ba shi da fayil a exe. Ka ƙara da sudo ss -tnp don ganin ayyukan da suke magana da waje da adireshin da suke magana da shi. Irin wannan baƙo kashe shi kaɗai ba ya wadatarwa, domin yakan bar umarni a crontab, jadawalin ayyukan da ke tashi da kansu, wanda zai dawo da shi bayan minti kaɗan, kuma uwar garken da aka shiga, abin da ya fi aminci shi ne a kwafe bayanai, a sake ɗora mata babbar manhaja, a canza duk kalmomin sirri.

Yanzu ga maganar kashewa. Umarnin kill sigina yake aikawa, kuma idan ba ka faɗi wacce ba yakan aika ta 15, wadda take nufin a nemi aikin ya tattara kayansa ya tafi. Aikin yana jin ta, ya ƙarasa rubuta abin da ke hannunsa, ya rufe fayilolinsa, sannan ya fita. Ta 9 kuwa aikin ba ya ma samun damar amsa ta, kanel ne yake yanke shi a inda yake. Ga rumbun bayanai wannan daidai yake da a zare masa wuta: teburan InnoDB sukan farfaɗo da kansu a tashi na gaba, ko da yake abin da ba a kammala ba zai tafi, amma tsofaffin teburan MyISAM, waɗanda manhajojin lissafi na da can suke yawan amfani da su, suna iya lalacewa har sai an gyara su. Haka ma dpkg, mai ɗora manhajoji a Ubuntu, idan aka yanke shi yana tsakiyar sabunta manhajoji, yakan bar tsarin a rabi. Ga duk abin da systemd yake kula da shi, hanyar da ta dace ita ce sudo systemctl restart mysql ko sudo systemctl stop apache2, domin idan ka kashe shi da hannu sau da yawa za a sake tayar da shi nan take, ka ga kamar bai mutu ba. Ta 9 tana da ranarta, amma bayan an aika ta 15, an jira, an ga aikin ya ƙi tafiya. Ka kuma sake duba lambar kafin ka danna, musamman da sudo, saboda ana sake raba lambobin ayyukan da suka mutu ga sababbi. Umarnin pgrep -a mysql zai ba ka lamba da cikakken suna tare, ba kamar ps aux | grep mysql ba, wanda yakan haɗa maka da layin grep ɗin kansa.

Tunda ka ce nauyin yana da lokacinsa, kada ka dogara da abin da idonka zai kama kaɗai. Ka ɗora atop, wanda a Ubuntu yake ajiye hoton yanayin kwamfutar duk minti goma a /var/log/atop, ka karanta daga baya da atop -r. Idan ba ka son ɗora komai, ka sa wannan layi a crontab -e na kwana biyu ko uku, sannan ka cire shi don kada fayil ɗin ya kumbura:

*/5 12-17 * * * top -b -c -w 200 -n 2 -d 5 >> /var/tmp/rahoto.txt

A kowane zagaye hoto na biyu za ka karanta, domin shi ne ya auna daƙiƙa biyar sanannu. Ka duba kuma systemctl list-timers da foldar /etc/cron.d, ko wanda ya kafa muku manhajar ya sa kwafe rumbun bayanai ya riƙa tashi da tsakar rana, daidai lokacin da ciniki ya fi zafi. Akwai kuma mai laifin da ba ya fitowa a kowane jeri, wato zafi. Daga Maris zuwa Mayu Kano takan kai digiri 40, cikin shago a bene marar iska kuma ya fi haka, ga ƙurar hunturu da burbushin yadi da suke toshe fanka da ƙarfen sanyaya furosesa. Da yawa daga furosesoshin Intel idan suka doshi digiri 100 sukan rage gudunsu da kansu don kada su ƙone, sai ka ga ayyukan da aka saba, ba wani baƙo, amma kowanne yana ɗaukar ninkin lokacinsa. Ka ɗora lm-sensors ka rubuta sensors da safe, ka sake rubutawa da la'asar. Idan tazarar ta yi yawa, masu gyara a Beirut Road za su busa mata ƙura su sake man da ake shafawa a bayan furosesa da kuɗi kaɗan.

Game da kwamfutocin Windows, tunanin ɗaya ne, umarnin ne ya bambanta. A cmd, baƙin allon umarni na Windows, ana rubuta tasklist, ya ba ka suna da PID da RAM ɗin da kowanne ya riƙe. Ana tace shi kamar haka, don ganin waɗanda suka wuce kilobait 300,000:

tasklist /fi "memusage gt 300000"

Shi kuwa tasklist /svc yana nuna sabis ɗin da ke cikin kowane svchost.exe. Yawansu ba alamar cuta ba ne, domin tun Windows 10 ta 1703 kwamfutar da RAM ɗinta ya wuce gigabait 3.5 kusan kowane sabis da nasa svchost ake ba shi. A PowerShell kuma, ɗaya allon umarnin Windows, Get-Process | Sort-Object CPU -Descending | Select-Object -First 10 zai ba ka goma na sama, amma ka lura cewa gurbin CPU a nan jimlar daƙiƙoƙin da aikin ya ci ne tun tashinsa, ba kason yanzu ba, tarkon da muka gani a ps ke nan da wata fuska. System Idle Process mai lamba 0 ba aiki ba ne, ma'aunin zaman banzan furosesa ne, System kuma kullum lamba 4 yake riƙe da ita. MsMpEng.exe na Defender ne, TiWorker.exe kuma na sabunta Windows. Sukan yi nauyi na ɗan lokaci su lafa da kansu. Umarnin netstat -ano yana haɗa kowace hanyar sadarwa da lambar aikin da ya buɗe ta.

Wajen kashewa, taskkill /pid 5120 neman aikin yake yi ya rufe, ƙara /f kuma shi ne takwaran ta 9. Stop-Process na PowerShell ba ya roƙo, yankewa yake yi kai tsaye. Kada ka gwada su a kan csrss.exe ko wininit.exe ko lsass.exe, domin idan suka mutu Windows ɗin ce gaba ɗaya take faɗuwa. Waɗannan sunaye ne kuma miyagun manhajoji da suke yawo a filasha suka fi son ara, saboda haka a nan ma wurin zaman fayil ake dubawa. Ka buɗe PowerShell da ikon shugaba ka rubuta:

Get-CimInstance Win32_Process | Select-Object ProcessId, ParentProcessId, Name, ExecutablePath

Na gaskiya daga C:\Windows\System32 suke tashi. Duk svchost.exe ko lsass.exe da ka ga yana tashi daga AppData ko Temp ko foldar wani asusu, ka zare wa kwamfutar wayar sadarwa kafin ta ci gaba da magana da uwar garkenku, sannan ka fara bincikenta.